Yaran da Suka Tashi a Gudun Hijira: Amsoshin Tambayoyin Iyaye, Malamai da Masu Riƙo

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye, malaman makaranta, masu riƙon marayu, da samari da 'yan matan da su kansu aka gudu da su suna ƙanana daga garuruwan Borno, Yobe, Adamawa da gaɓar Tafkin Chadi. An faro da na share fage, sannan a shiga masu nauyi.

Waɗanne yara ake nufi?

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009, amma guguwar da ta fi kwashe mutane daga gidajensu ta taso ne a 2014. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, Damasak a Nuwamba, sai Baga a farkon Janairun 2015. Mutanen Mubi suka kwararo Yola, na Damasak suka tsallaka kogi zuwa Diffa, na Baga da dama suka bi ta ruwa zuwa Chadi, mutanen tsaunukan Gwoza kuwa wasu suka ƙare a sansanin Minawao na Kamaru, wasu a Durumi da ke Abuja. Sama da mutum miliyan biyu ne suka rasa matsuguni a arewa maso gabashin Najeriya kaɗai, kuma yara ne suka fi yawa a cikinsu.

Yi lissafi: wanda aka goya aka gudu da shi daga Bama yanzu ya kai shiga sakandare, wanda ya yi tafiyar da ƙafarsa yana ɗan shekara goma kuwa ya zama magidanci ko matar aure. A bayansu ga wani sahu, 'ya'yan Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa, waɗanda tun 2019 dubbansu suka tsallaka zuwa jihar Maradi. Mafi yawan abin da ke ƙasa ya shafe su su ma.

Yana goye muka gudo. Bai san komai ba, me zai dame shi?

Gaskiya ne ba zai tuna labarin ba. Yawancin mutane ba sa iya tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku. Sai dai jariri ba ya rayuwa da labari, yana rayuwa ne da jikin uwarsa: bugun zuciyarta, muryarta, yadda take ɗaukarsa in ya yi kuka. Uwar da ta ga an kashe mijinta, take kwana ido biyu a tanti, take bin layin abinci tun asuba, sau da yawa ba ta da sauran ƙarfin da za ta yi wa ɗa wasa ko ta rarrashe shi. Wannan ba laifinta ba ne, amma yaron yana ɗauka. Ga kuma tamowa, wadda in ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu takan taɓa girman jiki da na ƙwaƙwalwa.

Don haka wanda bai ga komai ba yana iya tasowa da yawan firgita ko maƙale wa uwa fiye da ƙima. Shi ya sa masu aikin nan sukan ce a fara duba uwar tukuna. An yi ƙarin bayani a amsar tambayar abin da ya fi yi wa yaro illa.

Ta yaya zan gane abin yana cin yaro a ciki?

Ƙananan yara ba sa cewa "ina cikin damuwa". Jikinsu ne ke magana. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Yana zabura cikin dare da ihu, da safe ka tambaye shi ya ce bai san an yi ba. Ciwon ciki da ciwon kai ba sa ƙarewa, an je kyamis an je asibiti ba a ga komai ba. Wani yana ɓoye gutsuren tuwo ko burodi a aljihu ko ƙarƙashin tabarma alhali ya ƙoshi. Wani ba ya yarda ya kwanta sai da takalmansa a kusa da kai. A wasan ƙasa kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa: kara ya zama bindiga, a jera yara a kwantar da su.

Ga wata alama da mutanen Kano ko Kaduna ba sa saurin ganewa. Maharan ƙauyuka a kan babura suke zuwa, kuma tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri. Yaron da aka ɗauko daga can aka kai garin da babura ke ta kai da kawowa, da zarar ya ji biyu ko uku sun taho a jere da daddare sai ka ga ya ƙame, ko ya shige ƙarƙashin benci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hankalinsa ya san ɗan acaɓa ne, jikinsa bai yarda ba.

A wajen matasa salon yakan canza: saurin fushi, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kaɗaita kai, ko shan ƙwaya irin su taramol don a samu barci. Kada kuma a manta da yarinyar da ba ta da matsala ko kaɗan, mai shiru, mai yi wa kowa biyayya, wadda ba ta taɓa neman komai ba. Ana yabonta da haƙuri, amma wani lokacin ta yanke ƙauna ne daga cewa wani zai saurare ta.

Duk yaron da ya ga tashin hankali sai ya samu taɓuwa?

A'a. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan rikici yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Adadin yana da yawa, amma yana nufin mafi rinjaye ba su kai ga larura ba. Firgici da munanan mafarkai a makonnin farko abu ne da ake sa ran gani, kuma a wajen yara da yawa yakan lafa da kansa idan aka samu zaman lafiya, abinci, makaranta da babba guda mai kula. Kallon kowane ɗan gudun hijira a matsayin mara lafiya shi ma wani nau'in raini ne.

To me ya fi yi wa yaro illa, abin da ya gani ko abin da ya biyo baya?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Mutane sukan ɗauka daren harin shi ne komai. Bincike ya daɗe yana nuna cewa shekarun da suka biyo baya suna da nauyi daidai da daren, wani lokacin ma fiye.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe dubban ɗaruruwan yara daga biranen Ingila zuwa karkara don gudun bama-baman Jamus. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yara a Landan a lokacin, sun lura cewa ƙananan yaran da aka raba da iyayensu mata sun fi shiga ruɗani a kan waɗanda suka zauna cikin ruwan bam tare da uwa mai natsuwa. A nan Afirka ta Yamma kuma, wata mai bincike, Theresa Betancourt, da abokan aikinta sun fara bin sawun yaran da aka tilasta wa shiga yaƙin Saliyo tun 2002, suka bi su har suka girma. Abin da suka gano shi ne waɗanda dangi da unguwa suka karɓa, musamman in sun ci gaba da makaranta, sun fi farfaɗowa, waɗanda aka riƙa ƙyama da nuna su da yatsa kuwa damuwarsu ta daɗe, ko da abin da suka gani a daji bai fi na sauran muni ba.

A ganina wannan labari ne mai daɗi da ɗaci a haɗe. Ba mai iya goge abin da ya faru a Baga ko Gwoza. Amma maƙwabci, malamin aji, matar kawu da mai unguwa duk suna da hannu a rabin da ya rage, ko su gyara ko su ƙara ɓatawa.

Gori ai magana ce kawai. Yaya za a yi ta karya mutum?

Yaro ba ya zuwa duniya da sanin ko shi wane ne. Daga bakin mutane yake ji. In kullum a bakin famfo ana ce masa "ɗan IDP", wato ɗan gudun hijira, a filin ƙwallo in ya yi ƙeta a ce "ɗan Boko Haram", in abu ya ɓata a aji a fara caje jakarsa, in ya zo gidan biki a ce "ku ba su a waje", to ba a jima zai fara kallon kansa da idon masu faɗa. Daga baya ko ba kowa a wurin, shi zai riƙa yi wa kansa gorin. Za ka gan shi ya girma yana yawan ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba, ba ya neman aikin da ya cancanta, in aka yabe shi sai ya zargi mai yabon.

Waɗanda suka fi shan wannan su ne matan da aka kuɓutar daga hannun mayaƙa da 'ya'yan da suka haifa a can. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya kawo yadda ake kiran irin waɗannan mata "annoba", ana kuma cewa 'ya'yansu na ɗauke da mugun jini. A bakin mutane za ka ji ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba a gadon aƙida ta jini. Abin da ake iya yi shi ne a yi ta nanata wa yaro cewa shi mugu ne har ya gaji da musu.

Tsoron da ke bayan ƙyamar ba daga sama ya faɗo ba, tunda an sha ɗaura wa ƙananan yara bam a tura su kasuwa. Ana iya fahimtar tsoron ba tare da an yarda a ɗora wa ɗan shekara shida alhakinsa ba.

Ɗana yana ɓoye sunan garinmu, kuma ya ƙi yarenmu. Raina mu ya yi?

Da wuya. Kare kansa yake yi. Ya lura cewa da ya ce "Bama" ko "Gwoza" fuskoki ke canzawa, sai ya koma cewa shi ɗan Maiduguri ne, ko ɗan Yola. A sansani da unguwannin da aka sauka Hausa ce ke haɗa kowa, don haka yaran da iyayensu ke jin Kanuri, Shuwa, Glavda, Mafa, Margi ko Kibaku sukan tashi da Hausa a baki, yaren gida kuma suna ji ba sa mayarwa. Wanda ya yi makaranta a Diffa ya ƙara da Faransanci, in ya dawo Najeriya a ce masa ɗan Nijar, can kuma ana ce masa ɗan Najeriya.

Matsalar ita ce wanda ya ɓoye asalinsa kullum cikin fargabar tonuwa yake, kuma ba a gina yarda da kai a kan fargaba. Faɗa da tilas ba sa dawo da yare. Abin da ke aiki shi ne garin ya zama yana da wani labari ban da na ranar gudu. Yaro da yawa bai san komai game da garinsu ba sai gawa da hayaƙi. A ba shi labarin kasuwar garin, gonar kakansa, kifin Baga da ake lodawa har kudu, waƙar da ake yi a bikin aure, wanda ya haƙa rijiyar unguwa. A dafa abincin gida, a kira shi da sunansa na yare. Kaka ta fi kowa iya wannan aiki, in tana raye.

Ina ruwanmu da wariyar launin fata, tunda duk baƙaƙe ne mu?

A cikin gida abin da yara ke fuskanta ƙabilanci ne da ƙyamar baƙo, amma da yawa ba a gida suka tsaya ba. Akwai waɗanda hanya ta kai Agadas har Libiya, inda a 2017 duniya ta ga bidiyon da CNN ta fitar ana gwanjon baƙaƙen fata. Akwai 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a Makka da Jidda, Larabci ne harshensu, amma ana kiransu Takari, ba su da takardar zama ɗan ƙasa, rana ɗaya a kamo su a sauke su a Kano, garin da ba su taɓa gani ba.

Misali mafi tsawon tarihi shi ne na Sudan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Wasu kuma mahajjata ne da suka yada zango, suka yi noman auduga a Jazira. Bayan fiye da shekara ɗari, jikokinsu na jin ana haɗa su duka a kira su Fallata da sigar raini, ana tambayar ko su 'yan ƙasa ne na gaske. Rikicin jihar Blue Nile na 2022, wanda ya taso a kan filaye da neman sarautar gargajiya ga Hausawa, ya kashe ɗaruruwa ya kori dubbai, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sake tasar wasu. Yaron da ya fito daga nan yana ɗauke da gudun hijira biyu, nasa da na kakanninsa.

Yadda wariyar launi ke shiga zuciyar yaro an daɗe da gwada shi. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth da Mamie Clark, sun riƙa nuna wa ƙananan yara baƙaƙen fata a Amurka 'yar tsana fara da baƙa, suna tambayar wacce ce mai kyau. Mafi yawa suka zaɓi farar. Har Kotun Ƙolin Amurka ta yi nuni da aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launi. Mu ma kada mu wanke kanmu. Gidan da ake cewa "fara ko mayya ce" ana yi wa baƙar 'ya dariya, shi ke tura ta sayen man bilicin tun ba ta gama sakandare ba.

Ni malami ne. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta taɓa ɗaga hannu. Me zan yi?

Fara da duba shekarunta. Wadda ta yi asarar shekara uku ko huɗu a hanya da sansani, tana da shekara 14 tana zaune da 'yan shekara 10, kunyar wannan kaɗai ta isa ta rufe mata baki. Ga kuma abin da wasu masana halayyar ɗan Adam, Claude Steele da Joshua Aronson, suka nuna a 1995: ɗalibin da ya san ana yi wa irinsu kallon daƙiƙai, in aka tuna masa da hakan dab da jarrabawa, yakan yi ƙasa da abin da ya iya, domin rabin hankalinsa ya tafi wajen tsoron kada ya tabbatar da zargin. Ka haɗa wannan da rashin barci da yunwa.

Kada ka ware irin waɗannan yara a layi guda, kada ka ce "'yan gudun hijira su miƙe" a gaban aji ko da kyauta za a raba. Ka ba ta wani aiki na amana, kamar riƙe rajista ko koya wa ƙanana ƙidaya. In za ka yaba, ka faɗi takamaiman abin da ta yi daidai, don yabon jimla ba ya shigarta. Ka bar ta ta zauna inda take ganin ƙofa in ta fi son haka. Bulala da tsawa kuwa duba amsar da ke tafe.

Ba ya ji ko kaɗan. In ban dake shi ba ai lalacewa zai yi?

Yaron da jikinsa ke zaune cikin shirin gudu ko faɗa, duka ba ya koya masa komai sai tabbatar masa da cewa ko a gida ba tsira. Zai yi laƙwas a gabanka ya je ya huce a kan ƙaninsa. Horo yana nan, amma irin wanda aka san shi tun kafin a yi laifin, ba ya canzawa da yanayin ranka, kuma ba a haɗa shi da gorin abinci ko na wurin kwana. Masu riƙo su kiyaye kalma ɗaya: "zan mayar da kai inda aka ɗauko ka." Ga wanda aka taɓa kora daga gida, wannan ta fi mari zafi.

Wannan ba raunin imani ba ne, ko shafar aljanu?

Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Alƙur'ani, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Manzon Allah (SAW) maraya ya tashi, ya yi hijira, ya tura sahabbansa Habasha neman mafaka, kuma da Abu Zarri ya yi wa wani gori da mahaifiyarsa sai ya ce masa har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi. Nana Asma'u tana da kimanin shekara goma aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da ƙaura, ta zama malamar da har yau ake karanta waƙoƙinta. Kiristocin Gwoza da Chibok su ma suna da labarin guduwar da aka yi da Yesu zuwa Masar yana jariri. Waɗannan labarai ne da ya kamata yaro ya ji, don ya san gudun hijira ba abin kunya ba ne.

Addu'a, tofi da zama da malami ko fasto mai tausayi suna kwantar da hankali, ba mai hana su. Abin da ake hanawa shi ne ɗaure yaro da mari, dukansa da sunan fitar da aljani, turara masa hayaƙi mai shaƙewa, ko hana shi asibiti. A yi addu'a, a kuma je wurin likita.

In yi masa maganar abin da ya faru, ko in bar kaza cikin gashinta?

Kada a matsa masa ya ba da labari, musamman a gaban baƙi ko masu ɗaukar hoto. Tilasta maimaita labari ba magani ba ne, yana ma iya tayar da ciwon. Amma shirun da muke yi da sunan kawaici shi ma yana da farashi. Yaron da aka ce wa babansa ya yi tafiya zai shekara yana sauraron sallama, ranar da ya ji gaskiya a bakin 'yan unguwa kuma ya daina yarda da wanda ya ɓoye masa. Yara kan cike gurbin shiru da zargin kansu: da ban yi kuka ba da ba su gan mu ba, da ban saki hannun ƙanwata ba.

In ya tambaya, a ba shi amsa gajeriya ta gaskiya daidai shekarunsa, a kuma faɗa masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne. In ya fara magana da kansa, ko da tsakar aiki ne, a ajiye aikin. Wasu ba sa iya faɗa da baki sai da zane ko wasa.

Me ya haɗa takardu da yarda da kai?

Ka tambayi saurayin da aka mayar daga wurin ɗaukar aiki saboda ba shi da takardar shaidar ƙaramar hukuma. An haife shi a Abuja ko Kano, can ba a ɗauke shi ɗan asali ba, garin ubansa kuma bai taɓa takawa ba. Takardun gida da yawa sun ƙone ko an baro su. A nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yaro na ƙarami, a yi masa lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, a kuma bi sarakunan garin da shugabannin ƙaramar hukuma, waɗanda da yawansu ana samunsu a Maiduguri, don takardar asali. Najeriya da Nijar duk sun amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin ba 'yan gudun hijira na cikin gida takardun shaida.

In muka koma garinmu komai zai daidaita?

Ga manya wataƙila. Ga yaro kuwa komawar tana iya zama sabuwar hijira. Daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, ciki har da na Bakassi da na Dalori, aka mayar da mutane garuruwansu ko wasu wurare. Yaron da ya buɗe ido a Bakassi, can abokansa suke, can makarantarsa, an kai shi "gida" inda bai san kowa ba, ana jin harbi daga daji, ba a zuwa gona mai nisa. Wasu da suka zauna a birni kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta sake tasar su, har aka sake buɗe Bakassi don saukar da mutane.

In komawar ta zama dole, a sanar da yaro tun da wuri, a bar shi ya yi sallama da abokai, ya ɗauki wani abu nasa, a karɓo takardar makarantarsa. Alamomin da aka lissafa a sama suna iya dawowa na ɗan lokaci ko da sun daɗe da ɓacewa.

Na girma, ina da sana'a da iyali, amma har yanzu ina jin ni ba kowa ba ne. Lokaci ya ƙure?

Bai ƙure ba. Da yawa sai bayan hankali ya kwanta abin ke tasowa, musamman in ɗansu ya kai shekarun da su suke da shi ranar gudu. Akwai hanyoyin jinya ta zama da magana da aka gwada a kan 'yan gudun hijira a ƙasashe irin su Yuganda, inda ƙwararre ke taimaka wa mutum ya jera tarihin rayuwarsa daki-daki, daɗi da wuya, har abin da ya faru ya koma wurinsa a baya ya daina kutsowa cikin yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani tsari na zama biyar da ake horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su gudanar. Magani na sha yana da wurinsa in damuwar ta yi tsanani, amma likita ne zai rubuta, ba mai kyamis ba.

Kana tsoron gadar wa 'ya'yanka? Abin da ya fi wucewa zuwa gare su shi ne fushi, shiru da hana su sakewa saboda fargaba, kuma duk waɗannan ana iya aiki a kansu. Ya kamata abokin zamanka na aure ya san abin da ke tayar maka da hankali, don kada a fassara shi da wulaƙanci.

Yaushe ne ba a jira, sai asibiti?

In yaro ko babba ya fara maganar kashe kansa ko cewa gara ya mutu, in yana yanka ko ƙona jikinsa, in ya daina ci da sha ko magana, in yana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, in ƙwaya ta kama shi, ko in akwai alamar an yi masa fyaɗe, namiji ne ko mace. A batun fyaɗe a je cikin kwana uku, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin sa'o'i 72 yake aiki. Haka kuma in firgici da rashin barci sun wuce wata guda suna hana makaranta ko sana'a.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a kan hanyar Baga a Maiduguri, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Wanda ke nesa ya fara da asibitin da ya fi kusa ya nemi a tura shi gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a ɓoye sirrinsa, kuma ta hana a nuna masa bambanci saboda larurarsa. Mai maganar kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa, a kuma kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya da duk wani makami daga ɗakin.